Tambayoyin Fasaha: Mai Jiran Sabuwar Mac Pro, Tashi Ka Kama Aikinka

Saƙonnin wannan mako galibi daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 a nan Legas suka zo. Bari mu sallami mai sauƙi tukuna, domin akwai wasiƙar da za ta ci mana fili.

Tambaya: Malam, wayata tana ɗaukar zafi idan na sa ta caji da dare, yanzu har bayanta ya fara ɗagowa. Me zan yi? (Wani mai sayar da albasa, Mile 12)

Amsa: Alhaji, batirin ya kumbura, kuma batirin da ya kumbura ba ya warkewa. Kada ka ƙara sa ta caji, kada ka danna murfin da ƙarfi, ka kai a canza shi yau ɗin nan. Sannan ka daina cusa ta ƙarƙashin filo, ka rabu da cajar da ake miƙo maka ta tagar danfo a cikin go-silo. Mutumin da ke sauke tirelar albasa ba zai rasa kuɗin caja ta ƙwarai ba.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ina haɗa bidiyon biki da na wa'azi da tallace-tallace a Agege. Da Mac Pro ɗin 2013 nake aiki, baƙar nan mai siffar gwangwani, tokumbo na saye ta. Tunda masu ba ni aiki suka koma 4K take ba ni wahala, wani rendarin, wato fitar da bidiyon da na gama haɗawa, sai ya kwana bai gama ba. Tun 2022 nake tara kuɗi ina jiran Apple su fito da Mac Pro ta gaske wadda zan riƙa ƙara wa RAM da katin hoto da hannuna. Wallahi na gaji. Yaushe za ta fito, kuma in ci gaba da jira? (Mai editin, Agege)

Amsa: Ƙanena, a'a. Kada ka ƙara jiran ko wata guda. Wannan zaman jiran gawon shanun yana ci min rai ƙwarai, domin ba kai kaɗai ba ne. Masu editin da masu zanen gini da masu haɗa sauti, kowa yana zaune da tsohuwar na'ura yana leƙen YouTube ko an yi sanarwa, aiki kuma yana wuce shi zuwa shagon maƙwabci.

Gajiyarka tana da dalili, ba zan ce maka ba ta da shi ba. Gwangwanin da ke kan teburinka ya fito ne a Disamba 2013, kuma sai da aka shekara shida cur kafin a samu magajinsa. A tsakani, cikin Afrilu 2017, manyan Apple suka tara wasu 'yan jarida kaɗan suka amsa da bakinsu cewa ƙirar ta ɗaure musu hannu. Sun gina ta ne a kan katunan hoto guda biyu matsakaita da ke raba hanyar fitar da zafi ɗaya, sai duniya ta koma amfani da kati ɗaya babba mai tsananin zafi, wanda cikin gwangwanin ba zai iya ɗauka ba. Suka fito da iMac Pro a ƙarshen 2017 don a rage wa masu jira zafi, ita ma suka daina yin ta a 2021. Sai Disamba 2019 irin wadda kake mafarki ta iso: babban akwati, ramukan ƙara kati da ake kira PCIe guda takwas, gurbin RAM goma sha biyu da ke kai wa terabait 1.5, farashi daga dala 5,999.

Wata shida bayan haka, a Yuni 2020, kamfanin ya ce zai bar Intel ya koma furosesar kansa cikin shekara biyu. Mac Pro ce ta ƙarshe da ta ƙaura, sai Yuni 2023, da furosesar M2 Ultra, daga dala 6,999. A nan nake so ka buɗe kunne. A waccan ta 2023, RAM ɗin a haɗe yake da furosesa, iyakarsa gigabait 192, abin da ka saya da shi za ka zauna har ta tsufa. Ramukan PCIe suna nan, amma ba sa karɓar katin hoto, sai katin ajiya, na sauti, na sadarwa da makamantansu. Wato abin nan biyu da ka ce kana jira, ƙara RAM da canza katin hoto, tsarin furosesar Apple kansa ne ya kawar da su. Ba jinkiri aka yi ba, hanya aka canza. Da aka zo Maris 2025 kuma aka sabunta Mac Studio, wata kwamfutar Apple da ba ta kai Mac Pro girma ba, da M4 Max da M3 Ultra, har a lokacin ana iya sayenta da RAM gigabait 512, aka bar Mac Pro a kan M2 Ultra ɗinta. Ƙaramar ta wuce babbar. Wanda bai gane inda aka dosa daga wannan ba, bai so ganewa ba ne.

Yanzu mu zo kan abin da jiran ya ci maka, wanda mutumin Amurka da kake kallon bidiyonsa ba zai taɓa faɗa maka ba, don shi da dala ake biyansa. Kai naira kake tarawa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a hannun 'yan canji kuma ta haura 700. A Yuni 2023 Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta wuce naira 1,500. Kuɗin da za su saya maka Mac Studio a 2022, ranar da ta fito ma, yau ka je kasuwar kwamfuta ta Computer Village da su ka ji abin da za a ce maka. Kai da kake zaune a Agege, 'yan canji maƙwabtanka ne, ai bai kamata a ce ni ke tuna maka wannan ba. Tara naira don sayen kayan dala tamkar ɗiban ruwa ne da kwando. Ka ƙara da kwastomomin da suka gaji da jin "gobe in Allah ya yarda" suka kai bikinsu wani wuri.

Kuma matsalarka ma ba ta buƙatar babbar na'ura kamar yadda kake zato. Mafi yawan 4K ɗin da ake kawo maka, na waya ne ko na jirgi marar matuƙi ko na ƙananan kyamarori, a matse yake da tsarin H.265. Furosesar Xeon da ke cikin gwangwaninka da katunan hotonsa na FirePro ba su da sashen da ke warware wannan tsari kai tsaye, don haka furosesa ke ɗaukar nauyin duka, shi ya sa hoto yake tsinkewa, fanka take ihu. Sababbin furosesoshin Apple suna da sashe na musamman da aikinsa ke nan. Mac mini mai M4, wadda ta fito ƙarshen 2024 da RAM gigabait 16 a kan dala 599, za ta bi da wannan hoton cikin sauƙi fiye da gwangwaninka. Na san abin zai yi maka ciwo a ce 'yar ƙaramar aba ta fi wadda kake taƙama da ita a gaban amarya da ango, amma haka lamarin yake. Ga shi kuma gwangwanin ya tsaya a macOS Monterey, sababbin manhajoji suna ta barinsa a baya. Ko ta 2019 aka yi maka tayi da araha, ka sani Apple sun riga sun ce macOS Tahoe ce ta ƙarshe ga duk mai Intel.

Sai wuta. Nan Legas ce. Tun Afrilu 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan sassauta, kowa ya koyi lissafi. Akwatin wutar Mac Pro ɗin 2019 an yi shi ne ya iya jan har kilowat 1.4. Iyakar abin da Mac Studio za ta ja bai kai rabin haka ba, Mac mini kuwa ba a ma maganarta. Inbata madaidaiciya za ta riƙe su awanni, ba sai ka tashe unguwa da janareta ƙarfe biyun dare ba.

To ga abin yi. Daren yau, kafin ka kashe ko kwabo, ka koyi aiki da firoksi. Manhajojin editin irin su Premiere da DaVinci Resolve da Final Cut duk suna yi: su yi maka ƙananan kwafin hoton ka yanka da su, in an zo fitarwa su koma kan na asali. Abin mamaki ne yawan masu kiran kansu ƙwararru a garin nan da ba su taɓa danna wannan maɓalli ba. Bayan haka ka zaɓi ɗaya cikin biyu. In ba za ka iya rabuwa da Final Cut ba, wadda ba ta aiki a Windows, ɗauki Mac Studio, ko Mac mini in aljihu bai kai ba, ka sayi RAM mafi yawa da kuɗinka za su iya tun ranar farko. In kuwa buɗe akwati da ƙare-ƙare ne burinka, koma Windows: a haɗa maka da furosesar Ryzen ko Core da katin hoto na Nvidia, ko ka nemi HP Z, Dell Precision ko Lenovo ThinkStation. Duk shekara ka ƙara abin da ka samu, ba ka jiran sanarwar kowa.

In tokumbo za ka saya a layin Otigba na Computer Village, a goge Mac ɗin a gabanka, a haɗa ta da intanet, ka kai har cikin allon farko da kanka kafin ka tura kuɗi. Idan ta nemi iCloud ɗin wani, ko ta nuna cewa wani kamfani ne ke kula da ita, ajiye musu kayansu ka fita. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a kan na'urar. Ka ware na UPS, mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ka ware na faifan ajiya guda biyu. Na sha faɗa zan kuma ƙara: duk bikin da ka ɗauka ya zauna a wuri biyu kafin ka goge katin kyamara. Kwamfuta in ta mutu ana sayen wata, ɗaurin aure kuwa ba a maimaita maka shi.

Tambaya: Ina zanen gini a wani ofis a Victoria Island. Shekara biyu ke nan ana ce mana sababbin kwamfutoci suna hanya. Revit, manhajar da nake zanen da ita, yana maƙalewa kullum. (Wani ma'aikaci, Obalende)

Amsa: Ɗan'uwa, buɗe Task Manager lokacin da ya maƙale. In RAM ne ya cika, ko faifan yana kan ɗari bisa ɗari, nemi a ƙara RAM ɗin zuwa gigabait 32, a sa maka faifai mai sauri, wato SSD. Oga da ya kasa sa hannu a kan miliyoyi zai sa hannu a kan wannan cikin mako guda. Ka rubuta masa awannin da kake asara a wata, kada ka je masa da ƙorafin baki.

Tambaya: Muna da shagon ɗab'i a Shomolu. An kawo mana kwamfutar HP Z440 da araha don CorelDRAW, amma ta ƙi karɓar Windows 11. (Wata Hajiya, Idi-Araba)

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, ba lalacewa ta yi ba. Xeon ɗin da ke cikinta ba ya cikin jerin waɗanda Microsoft suka amince wa Windows 11, shi ya sa aka sakar miki ita da araha, tunda Windows 10 ta daina samun gyaran tsaro na kyauta ga kowa da kowa daga 14 ga Oktoba 2025. CorelDRAW za ta yi aiki a kanta lafiya lau. Ki bar ta a kan zane kawai, kada a shiga banki ko imel da ita, kuma duk filashin da kwastoma ya kawo a duba shi tukuna. Yaran shago za su ce suna da dabarar cusa mata Windows 11 ta bayan gida. Ana yi, amma babu tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa, don haka ba na ba da shawararsa ga na'urar da ake cin abinci da ita.

Tambaya: Kwamfutata tana kashe kanta da zarar na fara rendarin. Ko bairos ne? (Ɗalibi, Yaba)

Amsa: Ba bairos ba ne, zafi ne. Buɗe ta ka hure ƙurar da ta toshe fanka, a canza man da ke kan furosesa, ka ɗaga ta daga kan kafet. In ta ci gaba, akwatin wutarta ne ya gaza, a canza shi da wanda ya fi shi ƙarfi.