Sint ɗina yana sukar kunne, na yanke har sautin ya mutu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan sitidiyo a Agege, Legas, da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake aiki. Sautin sint (synthesizer, wato abin kiɗan da ke ƙirƙirar sauti ta lantarki) da ke jan waƙata yana da daɗi a sitidiyo, amma da na kunna a waya ko a mota sai ya riƙa sukar kunne kamar allura. Na yanke wuri shida da ikwalaiza (abin ƙara ko rage ƙarfin wani yanki na sauti), sautin ya mutu, sukar kuma tana nan. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Goge yankan nan shida tukuna, mu koma cikin sint ɗin, don yawanci can cutar take.

Ramin kunnen mutum da kansa yana ƙara wa sauti ƙarfi a wajen 3,000 Hz (ma'aunin kaifin sauti, yawan lamba yawan kaifi), shi ya sa tsakanin 2,000 da 5,000 ko ƙaramin tsini sai ya yi zafi. Tun 1933 masana biyu, Fletcher da Munson, suka auna yadda kunne ya fi jin wannan yanki. Lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da bes, wato sautin ƙasa mai kauri, sai tsinin ya tsaya tsirara ba mai rufa masa asiri.

Duba filtar sint ɗin, wato matatar da ke yanke wani yanki na sautin. Maɓallin da aka rubuta wa Res aikinsa ke nan, ya kumbura sauti daidai bakin inda filta ke yanka. Sassauta shi kaɗan, ka ɗan rufe filtar. Idan ka sa abin da ke dagula sauti don ya yi kauri, rage shi, domin sababbin 'ya'yan sauti yake haifarwa a sama, wato ƙananan sautukan da ke hawa kan kowace nota, ninki-ninkin Hz ɗinta. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Ga dalilin da ya sa yankanka bai yi aiki ba, kuma nan nake so ka natsu. Sint ba ya zama wuri ɗaya. Ka danna notar A mai 440 Hz, ɗanta na bakwai yana 3,080. Ka koma C da ke samanta, ya tashi zuwa wajen 3,660. Ramin da ka haƙa wa na farko bai kama na biyu ba, sai dai ya cinye naman wata nota da ba ruwanta. Ga kuma tarkon da kowa ke faɗawa: in ka ɗaga siririn layi a ikwalaiza da disibel (ma'aunin ƙarfin sauti) goma sha biyu kana yawo da shi kana neman mugun wuri, ko'ina ka tsaya mummuna za ka ji. Ni nakan fara jin abin da ke damuna cikin waƙar gaba ɗaya, in kwaikwaye shi da baki, sannan in je nemansa.

Abin da ya dace da kai shi ne ikwalaiza mai motsi, wadda ba ta taɓa sauti sai tsinin ya wuce iyakar da ka sa mata. Cikin irin waɗannan manhajoji, TDR Nova kyauta ce kuma ta isa. Soothe2 na bin tsinin duk inda ya gudu, amma da tsada, kuma in aka matsa mata tana mayar da sauti lami. Fara da disibel biyu zuwa uku, da ɗan faɗi, muryar mawaƙi na tafiya. Kada ka ware sint shi kaɗai, don a yankin nan yake rigima da murya, wani lokacin ma haɗuwarsu ce ke sukar.

Leƙa amsa-kuwwar da ka sa masa. Tana tara tsini tana maimaitawa, don haka yanke mata sama daga wajen 5,000 zuwa 6,000.

Sai batun Legas. Janareta na ruri, fanka na juyawa, dole ka ƙure lasifika, bayan awa biyu kunne ya gaji ya daina gaya maka gaskiya. Yanke hukuncin wannan sauti da sassafe, a ƙasa-ƙasa, sannan ka tura wa wayar nan da ta fara tona matsalar ka saurara.