ISRC da UPC: wace ce ta waƙa, wace ce ta kundi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mawaƙi ne a Kaduna. Bara na saki waƙa ɗaya ta hannun wani kamfani mai ɗora waƙoƙi a Spotify da Boomplay. Yanzu zan saka ta a kundi, kuma zan sauya kamfani. Sabon kamfanin yana tambayata ISRC da UPC. Mene ne su? In bari ya ba ni sabbi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. UPC kam bar shi ya ba ka sabuwa, amma ISRC ta tsohuwar waƙar kada ka yarda a sauya ta.

UPC ita ce lambar nan da ke ƙasan zane-zanen baƙi da fari a jikin kwalin magani ko bayan faifan CD. Lambobi 12 ne, 'yar'uwarta EAN kuma 13, ƙungiyar GS1 ce ke kula da su. An fara karanta ta da na'ura a wani kanti a jihar Ohio ta Amurka a 1974, a kan fakitin cingam. Kayan sayarwa take nunawa. Don haka waƙarka ta bara tana da tata, kundin nan ma zai samu tasa.

ISRC ta sautin da aka naɗa ce kansa, kamar lambar shasi a jikin mota: a sauya mai ita, a sauya gareji, tana nan. Haruffa ne da lambobi guda 12. Biyun farko yawanci na ƙasa ne, uku na wanda ya yi rajista, biyu na shekarar da aka bayar da lambar, biyar na ƙarshe kuma jerin waƙar ne. Ƙungiyar IFPI, ta kamfanonin naɗar waƙoƙi, ce ke riƙe da tsarin a duniya. In ka ga taka ta fara da QM ko QZ maimakon NG ta Najeriya, kada hankalinka ya tashi, alama ce a Amurka kamfanin da ya ba ka ita ya samo lambobinsa.

Abin da ya sa na dage shi ne da wannan lambar ake gane waƙa wajen lissafin sauraro da biyan kuɗi. Ka ɗora waƙa ɗaya da ISRC biyu, sai a ɗauke ta waƙa biyu, adadin sauraron da ka sha wahalar tarawa yana iya komawa sifili. Shiga shafinka na tsohon kamfanin, ka kwafi lambar harafi bayan harafi tun kafin ka rufe asusun. Ka ɗora ainihin fayil ɗin, da sunan waƙa da na mawaƙi yadda suke, ka jira sabuwar ta bayyana kafin ka sauke tsohuwar. Sai in ka sake shiga situdiyo ka rera, ko ka yi rimis (wato ka sake haɗa sautin waƙar), ko ka naɗi ta wajen wasa, sannan sabuwar lamba ta wajaba.

Tambaya: Malam, ni daga Maraɗi nake. Wani ya ɗora waƙata a YouTube da sunansa. ISRC za ta kamo shi?

Amsa: A'a, ƙanena. YouTube sautin yake kwatantawa da tsarinsa na Content ID, kuma ISRC ba shaidar mallaka ba ce. Tambayi kamfaninka ko ya saka waƙar a Content ID, sannan ka shigar da ƙorafin haƙƙin mallaka a YouTube. Ka adana fayilolin situdiyo da takardar yarjejeniyarka da mai kiɗa, su ne hujjarka idan ya yi gardama.