Ga mai son fara haɗa Gundam da jiragen sararin samaniya na roba

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce kana kallon bidiyon masu haɗa ƙananan jiragen sararin samaniya da mutum-mutumin yaƙi irin na finafinai, ranka ya biya, amma ba ka san da wanne za ka fara ba, kuma wani ya ce maka sai ka tanadi injin feshin fenti kafin ka taɓa komai. Ka kuma tambayi ma'anar 1/144 da 1/100 da ake rubutawa a jikin kwali.

Wanda ya ce sai da injin feshi, ka gaishe shi, amma ka ajiye shawararsa a gefe tukuna. Na yi shekara huɗu ina wannan abu kafin in mallaki injin, kuma har yau waɗanda baƙi suka fi tsayawa kallo a ɗakina da buroshi da soso na yi su.

Lambobin su ne tushe. 1/144 na nufin an rage girman abu sau 144. Gundam na asali, wato mutum-mutumin yaƙin da ake kira RX-78-2, daga shirin zanen Japan na 1979, tsawonsa a labarin mita 18 ne. Raba wannan gida 144, ka samu santimita 12 da rabi, bai ma kai biro ba. A 1/100 santimita 18 ne, a 1/60 kuwa santimita 30, tsawon rular 'yan makaranta. Duk sadda lambar ƙasa ta ƙaru, abin ƙanƙancewa yake yi. Amfanin sanin haka ya wuce zaɓen kwali. Mutum mai tsawon mita 1.7, a 1/144 bai wuce milimita 12 ba, kamar ƙwayar wake. To in ka bar ɗan tsinin roba na milimita ɗaya a kafaɗar Gundam, a duniyarsa guntun ƙarfe ne na santimita 14 ya turo waje. Ido ba ya yin wannan lissafi da baki, amma yana ji, shi ya sa za ka kalli aikin wani ka ce abin wasan yara ne, ka kalli na wani ka ji kamar zai taka ka.

Na farko da za ka saya ya zama na kamfanin Bandai, ajin da ake kira HG (High Grade), ma'aunin 1/144, ko ma Entry Grade wanda ya fi shi sauƙi. A Shizuoka ta Japan kamfanin yake da masana'antarsa. Gundam na farko da suka fitar a watan Yuli na 1980, yen 300 aka sayar da shi, fari fat, sai an sa gam an yi fenti. Na yanzu kuwa kowane ɓangare da launinsa yake zuwa, kuma danna su kawai ake yi su kama juna, babu gam. Ka ƙyale ajin RG (Real Grade) duk da cewa shi ma 1/144 ne, gutsattsarinsa ƙanana ne ƙwarai, ɗaya ya faɗi a kan darduma sai dai ka yi masa addu'a. Ajin MG (Master Grade) na 1/100 yana da ƙwarangwal a ciki, ya dace da na uku ko na huɗu. Ajin PG (Perfect Grade) na 1/60 ka bar shi sai ranar da aka biya ka wani tsohon bashi. In kuma jirage ne suka fi burge ka, Bandai ɗin dai suna yin na Star Wars a kan tsarin dannawa. Jirgin Millennium Falcon nasu na 1/144 ya kai kusan santimita 24.

Ta intanet nake oda, ko in ba wa mai tafiya waje saƙo. Abin da ke cin kuɗi shi ne dako, domin kwalin rabinsa iska ce, su kuma masu dako girmansa suke aunawa. Ku haɗu mutum biyu ko uku ku yi oda tare. Akwai jabu masu araha da hoton kwalinsu kamar na gaske. Na taɓa sayen ɗaya, na kwana uku ina sassaƙar ramuka don ƙusoshin su shiga, hannu ɗaya kuma har yau zamewa yake yi. Araha ba ta ado. Ɗan koyo ba zai iya rabe laifin hannunsa da laifin robar ba, sai ya zaci shi ne bai iya ba, ya watsar.

Kayan aiki kaɗan ne. Ƙaramar filayar yankan waya mai shimfiɗaɗɗen baki, irin wadda masu gyaran waya suke riƙewa, za ka samu a Farm Centre ko duk kasuwar waya ta garinku. Sai reza ko wuƙa mai siririn baki, hantsaki ƙarami, da samfefa lamba 600, 800 da 1000 daga wajen masu kayan fentin mota. Abin goge farce na mata mai fuska huɗu ma yana aiki, da shi nake dawo da sheƙi. Yadda ake yankan shi ne sirrin. Kada ka manna filaya a jikin ɓangaren ka datse. Ka yanke shi daga firam ɗin robar da gutsattsarin suke zuwa maƙale a jikinsa da ɗan nisa, ka bar masa tsini, sannan ka rage tsinin a yanka na biyu, ka ƙarasa da reza a hankali, ka shafe da samfefa. In ka datse kai tsaye, robar tana matsuwa ta yi farin tabo wanda ya shige ciki. Nawa na farko da abin yanke farce na yi shi cikin dare ɗaya saboda ɗoki, ya fito duk jikinsa dabbare-dabbare kamar mai makero.

Maganar fenti, a nan yanayinmu yake shigowa, kuma masu bidiyon da kake kallo ba su san hunturu ba. Karon farko da na yi feshi, gwangwanin fentin mota na saya, na fita tsakar gida a watan Janairu. Abu biyu suka same ni lokaci ɗaya. Tinar da ke cikin fentin ta yi wa robar zafi, fuskarta ta yamutse, ƙura kuma ta sauka a kan ɗanyen fentin ta zauna daram. Karo na biyu a Agusta ne, na fesa ruwan kariya marar sheƙi bayan an ɗauke ruwan sama, danshi ya sa ya bushe fari-fari kamar an barbaɗa gari. Yanzu in zan yi feshi da rani, nakan yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, in fesa sama-sama daga nisan kamar taƙi ɗaya, in kife babbar roba mai tsabta a kai har ya sha iska. Da damina kuwa sai rana ta buɗe sosai. Ka buɗe taga, ka rufe hanci, kada yara su kasance kusa.

Amma gaskiya a HG ɗinka na farko ba ka bukatar fenti sam. Ka samu alƙalami mai siririn baki, toka-toka a kan fari, baƙi a kan shuɗi, ruwan ƙasa a kan ja da rawaya, ka bi tsagogin jikin, ka goge abin da ya fita da audugar kunne. Wannan kaɗai zai fito da shi. Masu tsiyaya fenti mai mai a cikin tsagogi su yi hattara, tinarsa in ta kwanta a gaɓar da ke matse tana farfasa roba, musamman irin da ake kira ABS. Na rasa gwiwar wani MG ta haka, ta ruɓushe a hannuna kamar busasshen ƙuli-ƙuli.

Yanzu ga abin da na fi son ka ji, domin shi ya riƙe ni a wannan harka lokacin da canji ya sa oda ta gagara. Jiragen da ka gani a Star Wars na 1977 ba kwamfuta ta zana su ba. Ma'aikatan kamfanin Industrial Light & Magic, wanda George Lucas ya kafa a 1975, da hannu suka gina su. Sukan yi gangar jikin, sannan su sayo kwalayen ƙananan tankokin yaƙi da motocin tsere da jiragen ruwa, su ɓalle gutsattsarin su manna a jiki, har ido ya ga bututu da injina ya yarda cewa wannan abu yana tashi. Falcon ɗin da suka ɗauki fim da shi ya kai ƙafa biyar, in ka ƙura masa ido za ka tsinci bayan tanka da gutsuren injin mota. A Japan ma Kow Yokoyama, wanda ya fara fitar da ƙananan sulken yaƙi da yake haɗawa a mujallar Hobby Japan a 1982, da ƙwallon tebur da robar wani abin sha mai suna Yakult ya haɗa wasu daga cikinsu. Ranar da na san haka dariya na yi, don na tuna motar kara da ta langa-langa da muka yi muna yara, da tayar tsohon silifa da fitilar murfin kwalba. Hannun iri ɗaya ne. Abin da suka fi mu shi ne ma'auni: kafin su manna komai sun riga sun yanke girman mutumin da zai shiga ciki.

To ni ma haka nake yi. Nakan yanka ɗan kwali mai tsawon milimita 24, wato mutum a 1/72, in ajiye shi a kan tebur. Duk abin da zan manna sai na tsayar da shi a gefensa. Bututun biro ya zama bututun da mutum zai rungume, murfin man goge baki ya zama bakin injin, haƙoran tsohuwar laita su zama giyar inji. Sirinji sabo, cikin tsohuwar rediyo, madannan kalkuleta, abin aske gemu da aka gama da shi, duk ina da gwangwanayensu daban-daban. Akwai wani mai jari-bola a unguwarmu da yake ware mini matattun firintoci, har yau yana zaton gyara nake yi.

Sai dai ba kowace roba ce take karɓar gam ba, kuma wannan ya ɓata mini watanni kafin in gane. Ka juya abin ka duba ɗan alwatikan da ke ƙasansa. Lamba 6 ita ce irin robar da ake yin kwalayen Bandai da ita, gidan faifan CD da wasu kofunan yogot ma ita ce. Wannan gam ɗin ruwa na kamfanin Tamiya narkar da ita yake yi, ɓangarori biyu su zama ɗaya. Lamba 5 da lamba 2, wato yawancin murafen kwalba da robar abinci da jarka, santsi gare su, ko sufa gulu sai ka kankare su da samfefa, kuma duk da haka kada ka ɗora musu nauyi. Don gangar jiki, farin allon da masu rubutun talla suke yankawa yana da daɗin aiki da reza, sufa gulu na kama shi gam. In rami ya rage, cika shi da hodar soda ta masu kek, ɗiga sufa gulu, nan take ya daskare, sai ka goge. Bayan ka gama manne-manne abin zai yi kama da bola, ja nan, kore can. Kada gabanka ya faɗi. Shafa masa fentin share fage mai ruwan toka, launi ɗaya tun daga kai har wutsiya. A wannan lokacin ne murfi yake daina zama murfi. Shekara nawa ina yi, amma har yanzu nakan kira mai ɗakina ta zo ta gani.

Tsufar da jirgi kuwa ba a intanet na koya ba, a bakin titin Zariya na koya, wajen tankokin mai da tirelolin da ke fakin. Ka tsaya ka duba inda tsatsa take gangarowa daga ƙusa, inda hayaƙi ya yi baƙi, inda takalmin yaron mota ya cinye fenti a matakala. Datti yana da dalili, ba ko'ina yake zama ba. Gutsuren soso da ɗan fenti mai duhu yana ba da ɓarewar fenti, fensir a kan kaifin gefe yana ba da ƙyallin ƙarfe, hodar kwalliyar ido ta mata kuma tana yin ƙura da toka fiye da yadda kake zato. Ka nemi izini kafin ka ɗauka, ni ban nema ba. Kuma ka tsaya tun kana ganin bai isa ba, don kowa a karon farko yakan mayar da jirginsa kamar an tono shi daga kwata.

Za a ce maka wasan yara kake yi da gemunka, wannan ka shirya masa. Wani kawuna kuma da ya ga Gundam a kan kanta ya tambaye ni hukuncin ajiye abu mai siffar mutum a ɗaki. Ban yi masa musu ba, wannan magana ce ta malamai, kai ma in ta dame ka ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Ni dai tun daga nan na fi karkata ga jirage da motoci, kuma can ne ma tarkacen nawa suka fi amfani.

Wajen ajiya, ka nisanta su da taga, rana tana mayar da farar roba rawaya, kuma kada ka bar kwali a cikin mota da tsakar rana a watan Afrilu. In HG ɗin ya iso, kafin ka haɗa shi ka yanke ɓangare uku kawai ka ɗauko mini hotonsu kusa-kusa, ta gefen da ka yanka. Daga nan zan gane ko filayarka ce take buƙatar canji ko hannunka ne yake sauri.