Kafin ku buga riguna, ku tanadi mai rakiya da kuɗin hanya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan gwaggonki, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Kin ce bayan rasuwarta ƙungiyarku ta mata a Gidar, nan arewacin Kamaru, ta tara ɗan kuɗi, kuna son yin abin da zai sa talakan ƙauye ya samu maganin ciwon daji kamar kowa, amma kanku ya rabu: wasu na son a buga riguna a yi tattakin wayar da kai a watan Oktoba, wasu kuma na son a gayyato likitoci su yi gwajin kyauta na yini guda. Ni ungozoma ce, a ƙananan asibitocin jihar Arewa na yi aikina har na ajiye, kuma na raka mata da dama a kan wannan ciwo. Shawarata ita ce ku jinkirta duka biyun, ku fara sa kuɗinku a kan hanyar da ke tsakanin ranar da mace ta ji ƙullutu a nononta da ranar da ta gama shan magani. A wannan hanyar ne muke rasa mutane.

An saba cewa matanmu suna zuwa asibiti a makare saboda jahilci. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Na ga mata da yawa da suka zo da wuri, ƙullutun bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Sai a rubuta wa mace maganin ƙwayoyin cuta, a ce ta dawo bayan sati biyu. Ta dawo, a ce ta je Garwa a yi mata hoto. Miji ya sayar da akuya, a je. A can a ce sai an yanki ɗan nama an aika gwaji, galibi kuma Yawunde ake aikawa. Ta koma gida jiran sakamako, damina ta faɗi, aikin gona ya taso. Sakamakon ya iso ya kwanta cikin takardu, babu wanda aikinsa ne ya kira ta, ita kuma ta ɗauka shirun alamar lafiya ce. Ranar da za a sake ganinta nonon ya fashe yana zubar da ruwa, sai a rubuta a takarda cewa ta zo a makare. Wannan rubutun yana ƙona min rai har yau, domin ta zo, mu ne ba mu riƙe ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na sankarar mama na 2021, ta ce daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti zuwa ranar da aka tabbatar da ciwon kada a wuce kwana 60. Ku tambayi duk gidan da aka yi wannan jinya a yankinku wata nawa suka yi.

Ga kuma nisa. Daga Marwa zuwa Garwa kilomita 200 ne da ɗoriya, daga Garwa zuwa Ngawundare kusan 300, sannan a kwana a jirgin ƙasa sama da kilomita 600 kafin a sauka Yawunde. Wanda aka rubuta wa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, sai ya ƙara gaba zuwa Duwala. Gashin kuwa ba na zuwa ɗaya ba ne, mai sankarar bakin mahaifa za ta riƙa zuwa Litinin zuwa Juma'a har sati biyar ko fiye. Shimiyo, wato ƙarin ruwan maganin daji, galibi duk bayan sati uku ake yi, sau shida zuwa takwas, kuma kafin kowane ɗaya sai an auna jini. Ki haɗa kuɗin mota, kuɗin ɗaki, abincin mutum biyu, da 'ya'yan da aka baro gida. Ki ƙara da cewa matar Hausa da Fulatanci kaɗai take ji, likita kuwa Faransanci yake yi. Ƙiyasin 2020 ya nuna sama da mutum dubu 20 ne ke kamuwa da ciwon daji a Kamaru a shekara, sama da dubu 13 ke mutuwa, kuma sankarar mama da ta bakin mahaifa ne a gaba. Ciwo ɗaya ne ke jikin ma'aikaciyar gwamnati a Yawunde da manomiya a Figil, amma ɗaya tasi za ta hau, ɗaya kuwa sai an sayar da gona.

Don haka abu na farko, ku zaɓi mace ɗaya a cikinku mai haƙuri, mai jin Faransanci, wadda ba ta jin nauyin tambayar likita. Ku ba ta waya da kuɗin kira da littafi, ku yanka mata ɗan alawus ko kaɗan ne, don aikin sa kai zalla yakan mutu idan ɗawainiyar gida ta taso. Duk matar da aka ce ana zargin daji a jikinta, a rubuta sunanta, ƙauyensu, lambobin waya biyu (nata da na miji ko ɗan'uwa), ranar da aka ɗauki nama, da ranar da aka ce a dawo. Mai rakiyar ce za ta bi sawun sakamako, ta kira, in ba a ɗauka ba ta aika ta bakin jauro, wato mai unguwa, ko limamin garin. Ta ɗauki hoton kowace takarda a waya, don takardu suna jiƙewa, suna ɓata, wani asibitin kuma in babu su sai a sake gwajin daga farko.

Kuɗin da ya rage ku ware shi don gwajin nama da kuɗin mota. A nan ina so ki ja kunnen kowa: duk ƙullutun da aka cire daga nono, dole a sa shi cikin ruwan formol, mai hana nama ruɓewa, a aika gwaji. Na sha ganin an yi wa mace aiki a wani ƙaramin asibiti, an jefar da abin da aka ciro, an ce mata ta warke. Bayan watanni ciwon ya dawo, babu wanda ya san irinsa. Sanin irin yana da amfani ƙwarai, domin akwai sankarar mama da ke jin ƙwayar tamoksifen, wadda ake sha kullum shekara biyar a gida, ba sai an yi ta zarya kudu ba. Kuma ku biya kuɗin kai tsaye a wurin gwaji ko a tasha. Ba don rashin yarda ba, gidan da babu abinci in kuɗi ya shiga, hatsi za a saya, kuma ba a ga laifinsu ba.

Masauki kuwa muna da shi, ba mu dai tsara shi ba ne. Hausawa sun cika unguwar Briketeri a Yawunde, suna nan a unguwar Niyu Bel ta Duwala. Ku tura manyanku su yi magana da sarakunan Hausawa da limamai na can, a samu ɗaki ko biyu da aka san na masu jinya ne daga arewa. A Yawunde akwai ƙungiyar SOCHIMIO da ta daɗe tana taimaka wa masu shan shimiyo, manyan asibitoci kuma suna da ofishin kula da marasa ƙarfi, mai rakiya ta san ƙofarsa. Sannan kafin a fara shimiyo a zauna da miji da 'yan'uwa a yi lissafin dukan zagayen, don yin biyu a tsaya ya fi komai ciwo: an sha wahala, gashin kai ya zube, dukiya ta tafi, ciwon kuma yana nan. A sa miji cikin maganar tun ranar farko. Mata da yawa da suka ƙi a cire musu nono, tsoron saki ko kishiya ne ya hana su, ba tsoron wuƙa ba.

Gwajin kyauta da kike magana, ina goyon bayansa a wuri ɗaya, bakin mahaifa, domin shi ne ake iya gama aikinsa kusa da gida. Ana shafa ruwan binega a bakin mahaifa, in wurin ya yi fari an ga alamar da ke rigayar daji da shekaru, sai a ƙone wurin da wata ƙaramar na'ura mai batir cikin 'yan mintoci, mace ta tashi ta tafi. Ungozoma da aka horar tana iya yi. Sharaɗin da za ku gindaya wa masu zuwa shi ne su zo da na'urar, su yi magani a ranar, su kuma faɗa muku inda za a kai wadda nata ya riga ya wuce nan. In ba haka ba, za su gaya wa mace tana da ciwo su hau mota su tafi, ku bar ta da fargaba. A wurin taron a faɗa wa mata a fili: jini bayan saduwa, jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari, ba abin jira ba ne. Akwai kuma allurar rigakafin ƙwayar HPV mai haddasa wannan sankara. Kamaru ta sa ta cikin rigakafin yara a 2020 don 'yan mata masu shekara 9, a 2023 aka haɗa da maza, kuma kyauta ce. An yi ta jita-jitar wai tana hana haihuwa, wanda ba gaskiya ba ne. Wannan magana a bakin malaman Islamiyya da iyaye mata za ta fi shiga, ba a bakin lasifika ba.

Kada ku manta da yara. Yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa ya kumbura cikin 'yan makonni, haƙora suna girgiɗa, a yi zaton dajin Burkitt. Yana saurin girma amma yana jin magani sosai, kuma akwai sashen dajin yara a cibiyar uwa da ɗa ta Gidauniyar Chantal Biya a Yawunde. Maza kuma hanta ce ke cin su a nan arewa, saboda yawan ciwon hanta nau'in B da gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da ta yi fumfuna. A wajen Lagdo da Maga, fitsarin jinin tsargiya da aka bari shekara da shekaru yana iya kai wa ga dajin mafitsara.

Masu maganin gargajiya da wanzamai, kada ku yi faɗa da su, don su ake fara zuwa wa. Ku je ku gaishe su, ku roƙi abu ɗaya: ƙullutun nono kada a tsaga, kada a yi sakiya, a turo. Maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura ta samo asali ne daga waɗanda aka yi wa aiki bayan ciwon ya riga ya bazu, suka rasu, aka ɗora wa wuƙa. Maganin wannan magana shi ne mutane su ga matar da aka yi wa aiki tana raye tana sana'arta. In kuna da irinta kuma ta yarda, ita ce za ta yi jawabi a taronku.

Akwai waɗanda ba za su warke ba, kuma suna da haƙƙi a kanmu. Na ga mace an ware mata ɗaki a bayan gida saboda warin gyambo, alhali wanke shi da ruwan gishiri da barbaɗa garin ƙwayar metronidazol na rage warin sosai. Zafin da ke hana barci kuma akwai maganin zafi mai ƙarfi da ake sha, mofin, ku nemi likita ya rubuta, ku tambayi inda ake samu. Wani lokaci adalci shi ne a faɗa wa iyali gaskiya, kada su sayar da shanunsu na ƙarshe don tafiyar da ba za ta canja komai ba.

Duk wannan ba ya ɗauke wa gwamnati nauyinta. A 2015 an kawo takardar lafiya ta mata masu ciki a jihohin arewa uku, mace ta biya sefa 6,000 a duba ta har haihuwa, kuma mun ga yadda mata suka cika ɗakin awo. Shirin lafiya ga kowa da aka buɗe a 2023 ya fara da masu ciki, ƙananan yara, wankin ƙoda, tarin fuka da HIV. Ku rubuta wa magajin gari da 'yan majalisarku, ku bi ta fadar lamiɗo, ku nemi a sa gwajin nama da shimiyo a ciki, a kuma kawo na'urar gashi arewa. Littafin mai rakiyarku shi ne hujjarku: mace nawa, wata nawa na jira, nawa suka tsaya a hanya. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da sashen koyon likitanci, ku ƙarfafa wa 'ya'yanmu da ke can gwiwa su karanci duba nama da maganin daji.

In kun zaɓi mai rakiyar, ki yi min magana ta gefe. Zan zauna da ita in nuna mata yadda ake tsara littafin da tambayoyin da za ta riƙa yi wa likita.