Tambaya da Amsa: Da gaske akwai dabbar da ke barcin wata biyar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa a ƙasashen sanyi akwai dabbobin da ke kwanciya tun farkon hunturu har ƙarshensa, ba ci ba sha. Yaya rai zai jure haka? Kuma me ya hana jemagun Jos yin irinsa, alhali mu ma muna shan sanyi? Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaronki ya faɗi gaskiya, sai dai abin ya wuce barci, kuma yunwa ce tushensa fiye da sanyi. Idan ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa, ƙwari suka ɓace, 'ya'yan itatuwa suka ƙare, dabbar takan rage aikin jikinta ƙwarai domin kitsen da ta tara ya ishe ta har abinci ya dawo.

Baƙin beyar na Amurka ta Arewa, wani babban naman daji mai yawan gashi, yakan shafe wata biyar ko fiye a raminsa ba ya ci, ba ya sha, ba ya fitsari ko kashi, bugun zuciyarsa kuma yakan sauka daga wajen 50 a minti zuwa kusan 10. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a cikin wannan hali macen take haihuwa, galibi a watan Janairu, har ta shayar da 'ya'yanta daga kitsen jikinta.

Ƙananan jemagu masu cin ƙwari na ƙasashen sanyi sun fi beyar nisa a wannan fanni, domin zafin jikinsu yakan faɗi har ya kusa daidai da sanyin kogon da suke rataye a ciki. Kowace farkawa tana cinye musu kitse mai yawa, shi ya sa cutar farin hanci, wadda aka fara gani a jihar New York a 2006, ta hallaka miliyoyinsu: tana yawan tashinsu, guzurinsu ya ƙare tun hunturu bai wuce ba. Wasu ƙwari kuwa sukan dakatar da girmansu, su tara sinadarin giliserol wanda ke hana ruwan jikinsu daskarewa.

Sanyin Jos, duk da yakan sa mu kwana da bargo biyu a Disamba, ba ya kawo dusar ƙanƙara, jemagunmu kuma ba sa rasa abinci. A nan fari ne abin gudu. Ki tambayi masunta labarin gaiwa: idan tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta naɗe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska, ta yi watanni a haka. Ruwan farko na damina ne ke tausasa lakar ta fito, lokacin da kwaɗin da suka ɓuya a ƙasa su ma ke dawowa da kukansu.