Ƙyauren gidan marigayi

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa na hana ka cire tsohon ƙyauren zauren gidan Hajiya mu sa sabo, na kuma mayar mata da kuɗin da ta aiko. Zauna ka ji.

Da farko dai, ƙyauren nan lafiyarsa ƙalau. Maɗaci ne, busasshe, irin wanda yanzu sai ka zagaya 'Yan Katako ta Na'ibawa ka gaji kafin ka sami kamarsa. Gara ba ta cika damunsa ba, ga shi kuma an shafe masa gindi da baƙin mai. Abin da ya sa yake jan ƙasa, ramukan sukurorin sama ne suka buɗe. Maganinsa ɗan tsinken katako da gam, ka cike ramin, ka bari ya bushe, ka ɗaura sukuru mai ɗan tsawo. Na ga kana shirin aske gefensa don yana cijewa. Kul! Muna cikin Agusta, katako ya sha laima ya kumbura. In ka aske shi yanzu, da hunturu ya kama zai tsuke, ya bar kafar da ƙura za ta riƙa shiga har tsakar gida.

Ka kuma lura da sandar da ke gicciye a bayansa? Daga ƙasa ta tashi, ta ɓangaren da ƙyauren ke rataye, ta hau zuwa ɓangaren sakata. Haka ake yi, don nauyin ya koma kan bango. Kafintoci da yawa suna juya ta, shekara biyu ƙofa ta sunkuya. To, wanda ya haɗa wannan ba kafinta ba ne ma. Mai gidan ne da hannunsa, aminina, Allah Ya jiƙansa.

Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, amma Allah Ya ba shi hannu. Famfo, keken ɗinki, rediyo, fitilar ƙwai, injin markaɗe, duk unguwa wurinsa ake kawowa, ba ya karɓar ko sisi. Abin da na fi koya daga gare shi shi ne ba ya taɓa abu sai ya gano abin da ya lalata shi. Zai tsuguna, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake buɗewa, ya kasa kunne, kafin ya nemi sukudireba. Lokacin da na buɗe wannan shagon ba ni da teburin aiki, shi ya zo bayan la'asar da zartonsa muka haɗa wanda kake goge katako a kai yanzu.

A gida kuwa ba a magana. Shi ke yi wa yaransa allo, ya gyara wa Hajiya murhu kafin ta ce ya lalace, ya yi wa mahaifiyarsa 'yar kujerar alwala daidai tsayin da gwiwarta za ta iya. In abokai suka tsokane shi cewa ya cika aikin cikin gida, sai ya tuna musu abin da Nana A'isha ta faɗa, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ranar jana'izarsa na ga tsofaffin da ban sani ba suna kuka, kowa da abin da aka taɓa gyara masa.

Hajiya ba ta daɗe da fita takaba ba, wata huɗu da kwana goma tana kallon ƙyauren nan. Ta yaya zan cire mata aikin hannun mijinta in sa mata falle mai fenti? Kuɗinta kuma ba zai shiga aljihuna ba muddin ina raye.

Gobe da safe ka ɗauki gam, sukurori da ɗan man inji ka koma. Ka yi sallama, ka jira a ba ka izini, ka durƙusa ka gaishe ta. In ta ba ka abinci ka ci, in ta miƙo kuɗi ka ce Maigida ya hana. Ka duba mini tagar ɗakin yara ma, na ji sakatarta tana wasa.