Filin Tambaya da Amsa: wai sai an rage iskar taya in zafi ya shigo?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ni ina nan Damagaram unguwar Garin Malam, ina da tsohuwar Corolla kuma duk wata sai na yi Maraɗi sau biyu ko uku saboda kasuwanci. Toh sati biyu da suka wuce tayar baya ta fashe min da rana tsaka bayan na wuce Takeita, Allah dai ya tsare. Abin da ya ɗaure min kai shine da safen nan sai da na sa yaron mai faci ya rage min iska, don direbobin tasha sun ce lokacin zafi in ba ka rage ba taya fashewa take. Na rage kuma ta fashe. Dan Allah mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Gaskiya ragin nan da ka yi shi ne na fi zargi, kuma wannan magana ta tasha na daɗe ina jinta har na gaji da musu a kanta.

Ka ga taya in iskarta ta yi kaɗan gefenta lanƙwashewa yake yana miƙewa duk juyi ɗaya, kamar dai ka ɗauki waya kana lanƙwasawa kana miƙarwa, ai kafin ta karye za ka ji ta ɗau zafi a hannunka, toh haka roba da wayoyin da ke cikin taya suke yi, sai ka haɗa da kwaltar watan Afrilu ko Mayu da ake wuce digiri 40 a inuwa ma, ga kaya a baya ga gudu, daga nan zuwa Maraɗi sama da kilomita 200, roba ta rabu da waya sai ka ji daram. Tayar da iskarta ta cika daidai ba ta wannan lanƙwasa shi ya sa ta fi zama da sanyi.

Inda direbobi suke da ɗan gaskiya shine iska tana ƙaruwa in taya ta yi zafi, za ka ga geji, wato abin auna iska, ya hau da kamar bar 0.2 ko 0.3 bayan doguwar tafiya (bar sunan ma'aunin ƙarfin iska ne). Amma masu ƙera motar sun san da haka, da lissafinsa suka ba da lambar. In ka tsaya a hanya ka auna ka ga ta hau kar ka sace mata iska, in ta huce za ta koma ƙasa da yadda ya kamata.

Lambar kuma ba a bakin mai faci take ba. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda manne, wasu motocin a murfin tankin mai take. Ƙananan motoci yawanci tsakanin bar 2.0 ne da 2.5, kuma in gejin mai facin naka irin na Najeriya ne mai PSI, bar 2.2 shine wajen 32. Sau da yawa za ka ga lamba biyu, ta mota ba kaya da ta mota cike, kai da kake ɗauko kaya ta biyun ce taka. Wadda aka rubuta a jikin tayar kanta iyaka ce da ba a wucewa, ba ita ake sawa ba, mutane da yawa nan suke ruɗewa su ɗura iska mota ta dinga tsalle a kan ramuka tsakiyar taya ta cinye.

A auna da safe kafin ka yi nisa, aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace tafiya, har da tayar ajiya da kowa ke mantawa da ita sai ranar buƙata. Bugun taya da ƙafa ko da sanda ba awo ba ne wallahi. Ni shawarata ka sayi ɗan gejinka ka ajiye a mota, don na masu faci wani ya sha faɗuwa a ƙasa har ya daina faɗin gaskiya.

Sai abu ɗaya da ba ka tambaya ba, shekarun tayar nawa? Akwai lamba huɗu a gefe bayan rubutun DOT, misali 2319 yana nufin sati na 23 a shekarar 2019. Tayoyin gwanjo da muke saye wata zanenta fes amma robar ta bushe ta tsattsage, irin wannan ko iska ta yi daidai ban yarda da ita a hanyar Maraɗi ba.

Tambaya: Malam ni Hilux nake ja, aikina yana kai ni ƙauyuka ta wajen Tanut inda ba kwalta sai rairayi, kuma in ban rage iska ba motar kafewa take. Kenan kuskure nake?

Amsa: A'a ɗan'uwa, a cikin rairayi ragin yana da amfani, taya tana baje ƙafa ta daina nutsewa. Sharaɗin dai ka tafi a hankali kar ka karya kwana da ƙarfi taya ta fita daga kan ƙarfenta, sannan da zarar ka hau kwalta ka tsaya ka mayar da iskar kafin ka ba ta wuta. Ka nemi ɗan famfon nan da ake jonawa da batirin mota ka dinga yawo da shi, don a dajin can ba lallai ka samu mai faci a inda kwaltar ta fara ba.